Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A shekarar 1999 ma'aikatan gundumar King, a jihar Washinton ta Amurka, suka kawo injinan yasa bakin wata babbar magudana mai suna Norfolk, wadda ke amayar da ruwanta cikin kogin Duwamish a kudancin birnin Siyatil. Suka kwashe baƙar lakar da ta taru a wurin, abin da zai cika tifa ɗaruruwa, suka cike ramin da tsabtataccen yashi. Aka shirya cewa duk shekara za a riƙa dawowa ana ɗibar ƙasan wurin ana aunawa. Ba a yi nisa ba sai ɗakin gwaji ya fara dawo da sakamakon da bai yi wa kowa daɗi ba. A wani gefe na sabon yashin, gubar da aka zuba kuɗi aka kwashe ta sake bayyana, kuma a sama take kwance, alamar bayan an gama aikin ta iso.

Abin ɗaure kan shi ne, a lokacin an shekara 20 da haramta sarrafa wannan guba a Amurka.

PCB ake kiranta. Sinadari ne mai maiƙo da ɗan Adam ya ƙirƙiro. An fara yin sa don kasuwa a 1929 a garin Anniston na jihar Alabama, kamfanin Monsanto ya saye masana'antar a 1935, ya yi ta sayar da shi da sunan Aroclor har 1977. Injiniyoyi sun ji daɗinsa ƙwarai, don ba ya kama wuta da sauƙi, lantarki ba ya ratsa shi, kuma ba ya ruɓewa, shi ya sa aka yi ta ɗura shi cikin taransifoma da sauran kayan wuta. Wani masanin haɗa sinadarai a Suwidin, Sören Jensen, shi ya tona asirinsa a 1966. Yana neman burbushin maganin ƙwari na DDT a jikin kifi da tsuntsaye, sai ya yi ta cin karo da wani baƙon abu da bai san sunansa ba, har a gawar gaggafa, har a gashin kan iyalinsa. Majalisar dokokin Amurka ta yi doka a 1976, haramcin ya fara aiki a 1979, a 2013 kuma cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a sahun abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar.

To, abin da aka daina yi tun 1979, wa ke zuba shi a kogi bayan shekara 20?

Da farko hankali ya koma kan tarihin kogin, kuma tarihin ba shi da kyau. A da Duwamish kogi ne mai lanƙwashe-lanƙwashe cikin fadama, mazaunin ƙabilar Duwamish, wadda birnin ya ci sunan wani shugabanta. Daga 1913 aka fara miƙar da shi, aka zurfafa shi don manyan jiragen ruwa, masana'antu suka jeru a gaɓarsa: siminti, narkar da ƙarfe, gyaran jiragen ruwa, da katafariyar masana'antar Boeing inda aka ƙera dubban jiragen yaƙi samfurin B-17 a Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Satumban 1974 wata taransifoma ta suɓuce ana loda ta a jirgin dakon kaya, ta fashe, kusan lita 1,000 na PCB suka kwarara cikin ruwa. A 2001 hukumar kare muhalli ta tarayya ta sa kimanin kilomita 8 na ƙarshen kogin a jerin wuraren da suka fi gurɓata a ƙasar. Duk wannan ya isa ya bayyana dalilin da tsohuwar laka ta ɗauki guba. Amma bai ce komai ba game da yashin da aka zuba jiya, kuma inda taransifomar ta faɗi yana can gangare, da tazarar kilomitoci daga Norfolk.

Zargi na biyu shi ne wanda kowa zai yi: akwai mai zubarwa da dare. Daga 2003 jami'an birni da na gunduma suka shiga bin wuraren sana'a ɗaya bayan ɗaya, garejin makanikai, wuraren fenti, filayen masu sarrafa tsofaffin ƙarafa. Ba a rasa masu laifi ba. Ga durom ɗin baƙin mai a buɗe ruwan sama na dukansa, ga mai wanke injin yana sakin ruwan cikin kwata. An gyara da yawa. Sai dai ba a kama wani ɓarawon dare guda da za a ɗora wa alhakin kogi sukutum ba.

Amsar Norfolk kanta ta fito da sauƙi, kuma ita ta nuna hanya. Da aka bi sawun inda gubar ta fi yawa a kan yashin, sai ya kai masu binciken bakin wata ƙaramar magudanar ruwan sama da ke fitowa daga harabar wata cibiyar Boeing. Lakar da ke gaban bakinta cike take da PCB, kuma ruwa na zaizayo ta yana shimfiɗawa a kan sabon yashin. Kamfanin ya kwashe ta a 2003. Daga nan tambayar ta sauya. Maimakon a tsaya ana kallon kogi, sai aka juya baya aka leƙa cikin bututu.

Ƙarƙashin Siyatil bututu iri biyu ne. A tsofaffin unguwanni ruwan bayan gida da ruwan sama hanya ɗaya suke bi zuwa matatar ruwan ƙazanta, in an yi mamakon ruwa kuwa bututun ya cika, rarar sai ta tumbatsa kai tsaye cikin kogi. A wasu unguwannin ruwan sama yana da nasa bututun daban, wanda ke zarcewa kogi ba tare da an tace ko ɗigo ba. Ƙasar da ke tsiyayo ruwanta cikin wannan sashe na Duwamish ta haura murabba'in kilomita 80, da tituna da rufin gidaje da filayen jirgin sama da layin dogo. A cikin wannan faɗin ake neman abin da ba a gani da ido.

Wanda bai san halin sinadarin ba zai ɗebi ruwan magudana a kwalba ya kai gwaji, sau da yawa kuma a ce masa ba a ga komai ba. Dalili kuwa, PCB ba ya shiri da ruwa. Da zarar ya samu ƙwayar ƙura, ko ruɓaɓɓen ganye, ko maiƙon titi, sai ya manne mata. Saboda haka laka za a nema, ba ruwa ba. Dabarar da aka yi ba ta da wani ƙyale-ƙyale: kwalabe masu faɗin baki ake ɗaurewa a jikin bangon bututu daga ciki, baki a buɗe. Duk sa'ad da aka yi ruwa, ambaliya ta shafe kansu, laka ta ɗan kwanta a ciki. A bar su watanni, wani lokaci shekara guda, sannan a sauka a ciro. In kwalbar da ke kusa da kogi ta nuna guba, sai a matsa sama zuwa mahaɗar farko, a sa kwalba a kowane reshe. Reshen da ya fito da tsabta a rabu da shi, wanda ya nuna a bi shi zuwa mahaɗa ta gaba, har a iso ramukan tara ruwa na bakin titi, waɗanda ake gina su da zurfi a ƙasa don laka ta zauna. Daga nan sai a ɗaga kai a dubi abin da ke kewaye da ramin.

Akwai kuma wani taimako daga ɗakin gwaji. PCB ba abu ɗaya ba ne, dangi ne mai 'ya'ya 209, kuma Monsanto gauraya su yake yi yana sayarwa da lamba: 1242, 1254, 1260. Lambobi biyun ƙarshe suna nuna yawan sinadarin kulorin da ke cikin haɗin. Kowane haɗi da irin aikin da aka fi yi da shi, don haka lakar da ta nuna 1260 ba labari ɗaya take bayarwa da wadda ta nuna 1242 ba.

Abu na farko da kwalaben suka fallasa shi ne bututun kansa. Bututun da ya shekara 50 ko 80 a ƙasa ba miƙaƙƙe yake ba. Ya lotsa a wani wuri, ya tsage a wani, kuma duk inda ruwa ya rage gudu laka takan kwanta. Masana'antar da ta zubar da mai a 1965 ta daɗe da rushewa, mai ita ya mutu, amma abin da ta zubar yana nan kwance a lotsawar bututu, kowane babban ruwa ya yagi kaɗan ya kai kogi. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Maganin wannan wanki ne, kuma aiki ne na ƙarfi da ƙazanta wanda ba ya shiga labarai. Ana jiran lokacin da ruwan sama ya ɗauke. A toshe bututun daga ƙasa don kada wankin ya zarce kogi. Mota ta musamman ta tsaya a bakin rami, a zura mesa mai kai na ƙarfe wanda ke fesa ruwa da matsanancin ƙarfi ta baya, feshin ya tura kan gaba cikin bututu, in an jawo shi kuma ya sharo laka zuwa ramin, inda wata ƙatuwar mesa ke zuƙe ta zuwa tankin motar. Kusa da kogi kuwa sai an yi lissafin cikar teku da janyewarta, don ruwan teku yakan kutso cikin bututun sau biyu a yini. Lakar a tsane ta, ruwan da ya tsiyaye a tace shi, busasshiyar a auna ta. Wadda ta kai kashi 50 cikin miliyan na PCB doka ta ce sai juji na musamman. A ƙarshe a tura kyamara ta zagaya cikin bututun a ga ko an bar wani abu. Haka aka yi wa babbar magudanar titin Diagonal a farkon shekarun 2000, daidai lokacin da ake shirin yashe bakinta.

A nan ne, a ganina, basirar aikin take, don wankin ba magani ba ne kawai, gwaji ne. Manomin da ya ga gari a gindin rumbunsa yakan share, ya dawo bayan kwana biyu. In wurin na nan fes, tsohon gari ne. In ya tarar da sabo, ƙwaro na ciki yana ci. Bayan an wanke bututu sai a mayar da kwalabe a jira damina ta zagayo. A wasu layukan gubar ta ragu ta zauna a ƙasa, wato tsohon ajiya ne kuma an rabu da shi. A wasu kuwa ta dawo. Waɗannan su ne suka hana mutane barci, don sun nuna akwai inda PCB ke fitowa yau, a sarari, a saman ƙasa.

Mafi shahara shi ne wani lungun ruwa da jiragen dakon kaya ke shiga, mai suna Slip 4. A 2006 an riga an amince da tsarin yashe shi, sai aka dakatar, saboda kwalaben da ke cikin magudanan da ke zuba a cikinsa sun nuna in aka yashe a lokacin aikin banza za a yi. Magudanan daga arewacin filin jirgin Boeing suke fitowa. Ido ya fara sauka kan wata tsohuwar tashar lantarki ta Georgetown, ginin 1906, wadda ke da doguwar hanyar ruwa a buɗe har zuwa lungun. Tashar ta daɗe da daina aiki, amma hanyar ruwan tana nan da lakarta. Birni ya kwashe ta a 2009 ya sa bututu a madadinta. Duk da haka ba a gama ba. Sauran yana inda ba wanda ya zata: a tsakanin falayen kankaren da jirage ke tsayawa a kai. Kankare yana buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi, don haka akan bar tsaga tsakanin fale da fale a cike da danƙo mai laushi. Abin da ke hana danƙon bushewa, a gine-ginen da aka yi tsakanin 1950 da 1979, sau da yawa PCB ne. Rana ta gasa shi, tayar jirgi ta murje shi, ruwan sama ya kwashe garin. Boeing ya bi tsagogin yana ƙwaƙule danƙon, a 2010 kuma hukumar tarayya ta sa shi kafa matatar ruwan sama a wurin. Matatar tana aiki da yashi da wani sinadari da ake samu daga ɓawon ƙaguwa da jatan lande, wanda ke dunƙule ƙananan ƙwayoyin laka har yashi ya iya kama su. Sai bayan wannan aka yashe Slip 4, aka gama a farkon 2012.

Na biyu ya fi ba da mamaki. A 2005 ma'aikatan birni suka ɗebi laka a ramukan tara ruwa na harabar tsohuwar masana'antar giya ta Rainier, wadda ta daina aiki a 1999, suka tarar da PCB ya ninka iyakar doka sau da yawa. Me ya haɗa masana'antar giya da man taransifoma? Da aka duba lakar da kyau sai aka ga ɓarɓashi masu launi a ciki. Fentin bangon ginin ne ke ɓarewa. A da akan zuba PCB a fentin waje don ya jure rana da ruwa. Ba a iya kankare shi a fili, don ƙurar ita ce gubar, dole aka riƙa lulluɓe bangon sashe-sashe ana feshe fentin a cikin rufi, aikin da ya ɗauki shekaru.

Na uku a kan titi aka same shi, a unguwar South Park ta masu ƙaramin ƙarfi. Wani kamfanin kwalta mai suna Malarkey ya yi aiki a bakin kogin har 1993, a shekarun 1970 kuma an riƙa ƙona tsohon mai a wurin a matsayin makamashi, har da wanda ya fito daga kamfanin lantarkin birnin. Tayoyin manyan motoci suka yi ta fito da ƙasar harabar. A 2004 aka gano PCB a ƙurar titunan da ke kewaye, daga baya har a farfajiyar gidajen mutane. An ƙwaƙule ƙasar, an sake titunan da magudanansu, wurin kamfanin kuma yanzu wurin shaƙatawa ne da aka buɗe a 2022.

Ashe ba ɓarawo ɗaya ba ne. Da birnin aka gina gubar, a bango da tsagar kankare da ƙasan titi, yana kuma zubar da ita kaɗan-kaɗan yayin da yake tsufa.

Sanin haka bai rage wahalar nema ba. Kwalba shekara take ci, gwaji kuɗi yake ci, gine-ginen wancan zamani kuma dubbai ne. Sai hukumar ruwan birnin ta haɗa kai da wani sashe na Jami'ar Washinton da ke horar da karnuka su shinshino kashin namun daji don masu bincike. Aka koya wa wani kare mai suna Sampson warin PCB. Yakan bi jikin bango da bakin rami, in ya ji sai ya tsaya ya nuna wurin, ladansa kuwa a jefa masa ƙwallo. Hancin kare ba hujja ba ne a gaban doka, dole a ɗebi samfuri a kai gwaji, amma ya rage yawan wuraren da ake ɗiba a makance.

Mai karatu zai iya tambaya ko duk wannan wahala ta cancanta a kan ɗan abin da ake aunawa da kashi cikin miliyan. Amsar tana cikin kifi. Tsutsotsin da ke cikin laka suna cin gubar, ƙaguwa da kifin ƙasan ruwa su ci tsutsotsin, kuma tun da PCB a kitse yake zama ba ya fita, kowane mataki sai ya ƙara taruwa. Allunan da ke bakin Duwamish, cikin harsuna da dama, suna gargaɗin kada a ci ƙaguwa ko kifin da ke zaune a kogin, sai kifin salmon kaɗai, don shi wucewa yake yi. Masu jefa ƙugiya a wurin da yawansu baƙi ne daga Biyetnam da Kambodiya da Latin Amurka, waɗanda kifi abincinsu ne na gado, ga kuma ƙabilar Muckleshoot mai haƙƙin kamun kifi a kogin bisa tsohuwar yarjejeniya da gwamnati. Shi ya sa burin da aka sa wa lakar kogin ya yi tsauri har haka: kashi 2 cikin biliyan.

Akwai saura guda da wanki da ƙwaƙule danƙo ba za su kawar ba. Da na'urorin gwaji suka ƙara kaifi, sai aka riƙa ganin wani ɗan dangin, PCB mai lamba 11, wanda ba ya cikin manyan abubuwan da Monsanto ke haɗawa. Bincike ya kai ga launin rawaya da ake sarrafawa a yau don tawadar buga takardu da kwalaye da wasu fentoci. Wajen haɗa launin ne yake samuwa ba da niyya ba, kuma dokar Amurka ta yarda da shi muddin bai wuce kashi 50 cikin miliyan ba. Wato wani ɓangare na abin da ke shiga kwata ba gadon kakanni ba ne, daga shago aka sayo shi bana.

Mu ma ba 'yan kallo ba ne. Najeriya da Nijar duka suna cikin yarjejeniyar Sitokholm ta 2001, wadda ta sa 2025 a matsayin wa'adin daina amfani da kayan wuta masu PCB, da 2028 don kawar da mansu ta hanyar da ba ta cutarwa. Tsofaffin taransifomomin zamanin NEPA ba duka aka sauke ba, kuma kowa ya san baƙin tabon mai da ke gindin wasunsu, dab da kwata. A Kano kuwa rafin Getsi ya daɗe yana ɗauko ruwan masana'antun Bompai zuwa Jakara, kuma kuromiyam ɗin da majemu ke aiki da shi ƙarfe ne, ba ya ruɓewa ko an rufe masana'anta. Muna yashe kwatoci gab da damina, amma sau nawa ake tara lakar a bakin titi har ruwan farko ya mayar da ita inda ta fito?

Batun wanda zai biya kuwa kotu aka kai shi. Siyatil ta maka Monsanto ƙara a 2016, jihar Washinton ma ta shigar da tata a ƙarshen shekarar. Kamfanin Bayer na Jamus, wanda ya saye Monsanto a 2018, ya sasanta da jihar a kan dala miliyan 95 a 2020, da birnin kuma a kan dala miliyan 160 a 2024, ba tare da amsa laifi ba. Kuɗi ne masu kauri, amma tsarin yashe kogin da aka fitar a 2014 kaɗai an ƙiyasta masa dala miliyan 342, ban da aikin bututu.

Ayyukan farko irin na Norfolk da Diagonal da Slip 4 da bakin masana'antar Boeing sun rage PCB na saman lakar kogin da kusan rabi. Babban aikin ya fara ne a ƙarshen 2024 daga sashen sama, kuma daga Oktoba zuwa Fabrairu kaɗai ake taɓa ruwan, don kada a dami ƙananan salmon masu gangarawa teku. An raba nauyin gida biyu: hukumar tarayya ke da cikin kogi, ma'aikatar muhalli ta jiha ke da tudu da magudanai. Sashen tsakiya da na ƙasa suna jiran layi, kuma injin yasa ba zai shiga kowannensu ba sai ma'aikatar jihar ta duba sakamakon magudanan da ke zuba a wurin ta ce an shawo kansu.